Tambayoyi da Amsoshi kan Kariyar Memori da Tsarin Adireshi a Fasahar RDMA

Fasahar da ake taƙaita sunanta da RDMA tana ba wata kwamfuta damar karanta ko rubuta bayanai kai tsaye a cikin memorin wata kwamfuta da ke nesa, ba tare da firosesar ta nesan ta sa hannu ba. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi yadda ake nuna wurin da za a taɓa, da wanda yake da ikon taɓa shi, da kuma inda wannan kariya take ƙarewa.

Me ya sa maganar kariya ta fi tsanani a RDMA fiye da sadarwar da aka saba?

A sadarwar da aka saba, idan fakitin bayanai ya iso, babbar manhajar kwamfuta, wato mai tafiyar da dukkan na'urar kamar Linux, ce take karɓarsa, ta duba ko na wace manhaja ne, sannan ta kwafe shi zuwa wurin da manhajar ta tanada. Wannan kwafewa tana cin lokaci, amma a cikinta ne ake samun mai gadi, domin babu baƙon da yake zaɓar wa kansa inda kayansa za su sauka. RDMA ta cire wannan mai gadi daga hanya don neman sauri. Mai aikowa ne yake rubuta adireshin a goshin fakiti, katin sadarwa kuma shi ne yake zuba bayanan a wurin, firosesa ba ta ma san an yi ba.

Saboda haka duk binciken da babbar manhaja take yi a lokacin isowar bayanai sai an shirya shi tun kafin su iso, an miƙa wa katin a matsayin teburin dokoki. Abin da aka manta ba a rubuta a teburin ba, babu wanda zai tuna da shi daga baya. Wannan tunani ba sabo ba ne: yana cikin tsarin VIA da Intel da Compaq da Microsoft suka fitar a 1997, ya shiga ƙa'idar farko ta hanyar sadarwa mai sauri da ake kira InfiniBand a 2000, sannan hukumar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta tsara shi don TCP, ƙa'idar aika bayanai ta intanet, a ƙarƙashin sunan iWARP a 2007, kafin ƙa'idar RoCE ta kawo shi kan Ethernet, wayar sadarwar da aka saba, a 2010.

Wane irin adireshi ne kwamfutar nesa take rubutawa a fakiti?

Kowace manhaja tana ganin memori ta adireshinta na kanta, wanda ba shi ne ainihin wurin da bayanan suke zaune a cikin RAM ba. Babbar manhaja tana raba memori zuwa shafuka, galibi masu kilobait 4, kuma shafuka biyu da suke maƙwabtaka a idon manhaja suna iya kasancewa nesa da juna a ainihi. Abin da ake aikawa a waya shi ne adireshin da manhajar can nesa take gani, ko kuwa tazara daga farkon yankin da ta buɗe. Adireshin ainihi ba ya fita daga cikin kwamfuta.

A InfiniBand da RoCE, buƙatar karatu ko rubutu tana ɗauke da wani ƙaramin goshi mai bait 16 da ake kira RETH, wanda ya ƙunshi adireshi mai bit 64, da mabuɗi mai bit 32, da tsawon bayanai mai bit 32. A iWARP sunayen sun bambanta amma siffar ɗaya ce: mabuɗin sunansa STag, shi ma bit 32 ne, tazarar kuma bit 64. Adireshin shi kaɗai ba ya nufin komai a wurin katin. Sai an haɗa shi da mabuɗi ne yake zama wuri, domin mabuɗin ne yake gaya wa katin wane teburin fassara zai buɗe.

Mene ne rajistar memori, kuma me take yi a zahiri?

Rajista ita ce matakin da manhaja take gaya wa katin sadarwa cewa ga wani yanki na memorinta, daga adireshi kaza zuwa tsawo kaza, kuma ga abin da aka yarda a yi a cikinsa. A Linux ana yin haka da kiran ibv_reg_mr. Idan an kira shi, zuciyar babbar manhaja tana tabbatar da cewa yankin na mai neman ne da gaske, ta kafe shafukansa don kada su motsa, ta rubuta wa katin jerin adireshinsu na ainihi, sannan ta mayar da mabuɗai biyu, L_Key da R_Key.

Izinin da ake zaɓa a lokacin rajista su ne rubutu daga cikin gida, karatu daga nesa, rubutu daga nesa, ayyukan atomik daga nesa (ƙara lamba ko musanya ta a taku ɗaya), da kuma damar ɗaura taga a kan yankin, wato buɗe ɗan ɓangarensa kawai ga na nesa. Karatu daga cikin gida ba a neman izininsa, kullum yana nan. Akwai sharaɗi guda da yake yawan tsayar da sababbin masu rubuta manhaja: ba a ba da izinin rubutu daga nesa ko na atomik sai an haɗa da izinin rubutu daga cikin gida, in ba haka ba rajistar za ta ƙi.

Ana iya yi wa yanki ɗaya rajista fiye da sau ɗaya da izini daban-daban, kowace rajista da nata mabuɗan. Wannan hanya ce mai sauƙi ta bai wa wani abokin sadarwa karatu kawai, wani kuma karatu da rubutu, a kan bayanai guda.

Don me ake kafe shafuka, kuma mene ne tsadar hakan?

Babbar manhaja ta saba motsa shafuka yadda ta ga dama. Takan kwashe wanda aka daɗe ba a taɓa ba zuwa faifai, ta ba wata manhaja gurbinsa. Firosesa tana jure wannan domin idan ta nemi shafin da ba ya nan sai ta dakata a dawo da shi. Katin sadarwa na gargajiya ba ya dakatawa, yana riƙe da adireshin ainihi da aka ba shi ranar rajista, kuma zai rubuta a can ko da gurbin ya riga ya koma hannun wani. Kafe shafi alkawari ne cewa gurbin ba zai sake hannu ba har sai an janye rajistar.

Tsadar tana zuwa ta fuskoki da dama. Memorin da aka kafe ya fita daga hannun babbar manhaja, ba za ta iya ranta shi ga kowa ba ko da yana zaune ba aiki, shi ya sa Linux take iyakance yawan abin da manhaja za ta kafe da ma'aunin RLIMIT_MEMLOCK. A da wannan iyaka ta daɗe tana kilobait 64 kacal a saitin asali kafin sababbin nau'o'in Linux su ɗaga ta, kuma ita ce abu na farko da ya kamata a duba idan rajista ta gaza ba tare da wani dalili bayyananne ba. Ita kanta rajistar aiki ne mai nauyi, domin sai an bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Gigabait ɗaya a shafuka masu kilobait 4 ya kama shafi 262,144, alhali kuwa a manyan shafuka masu megabait 2 shafi 512 ne kawai. Bambancin bai tsaya ga lokacin rajista ba, domin katin yana riƙe ɗan ɓangaren teburin fassara ne kawai a cikinsa, sauran yana cikin memorin kwamfuta, kuma duk lokacin da ya nemi layin da ba ya hannunsa sai ya tsallaka ya ɗauko.

Akwai kuma tsohuwar matsala da kiran fork, wanda manhaja take haifar 'yar kwafinta da shi. Bayan fork, uwa da 'ya suna tarayya a shafuka har sai ɗayansu ta yi rubutu, sannan a kwafa wa mai rubutun sabon shafi. Idan uwar ce ta fara rubutu a yankin da ta yi wa rajista, ita ce take komawa sabon shafi, katin kuma yana ci gaba da zuba bayanai a tsohon, wanda yanzu ya rage wa 'yar. Bayanai sukan ɓace haka shiru, ba kuskuren da zai bayyana. An samar da ibv_fork_init don hana 'yar gadon waɗannan shafuka, sababbin nau'o'in Linux kuma suna kwafa wa 'yar shafukan da aka kafe nan take a lokacin fork.

Mene ne bambancin L_Key da R_Key?

L_Key na amfanin gida ne. Manhaja tana sa shi a cikin umarnin da take ba katinta, don nuna cewa wurin da za a ɗebi bayanai ko a zuba su nata ne. Ba ya fita waya. R_Key kuwa shi ake miƙa wa kwamfutar nesa, kuma shi take dawowa da shi a goshin kowace buƙata. Wasu katunan suna ba da lamba ɗaya ga dukansu biyu, amma bai kamata manhaja ta dogara da hakan ba.

Idan buƙata ta iso, me katin yake dubawa kafin ya taɓa memori?

Da farko yana duba cewa fakitin ya nufi layin sadarwa da yake a buɗe, wato abin da ake kira QP, kuma lambar jerinsa ita ce ake jira. Daga nan sai ya nemo mabuɗin a teburinsa ya tabbatar yana raye. Sannan ya duba cewa yankin da mabuɗin yake wakilta da layin da fakitin ya shigo ta kansa suna cikin da'irar kariya ɗaya, wato suna ɗauke da lambar rukuni guda, cewa adireshin farko da na ƙarshe duka suna cikin iyakar yankin, kuma cewa aikin da ake nema yana cikin izinin yankin da na layin. Shi ma layin yana da nasa izinin da ake saitawa, don haka yanki mai izinin rubutu ba zai rubutu ba ta layin da aka hana rubutu. Ayyukan atomik, wato ƙara lamba ko musanya ta bisa sharaɗi, suna aiki ne a kan bait 8, kuma dole adireshinsu ya rabu da 8 ba saura.

Abin lura a wannan jerin shi ne abin da babu. Katin bai tambayi wane ne ya rubuta fakitin ba, ya dai duba ko abin da fakitin yake ɗauke da shi ya dace da teburi.

To ashe R_Key ba kalmar sirri ba ce?

Ba ita ba ce, kuma ɗaukarsa haka shi ne kuskuren da ya fi kowane haɗari a wannan fage. Sunan mabuɗi yana yaudara. R_Key ya fi kama da lambar tikiti, wanda duk wanda ya gabatar da shi ta layin da ya dace za a biya masa buƙata.

Da farko dai bit 32 ba su da yawa, lambobi ne da ba su kai biliyan 4.3 ba. Ko su ɗin ma ba duka ake zaɓa da ka ba. A tsarin da aka fi sani, bit 24 na sama lambar gurbi ce a teburin katin, bit 8 na ƙasa ne kawai ake juyawa idan an sake amfani da gurbin, abin da ya ba da siffa 256. An yi wannan juyi ne don kama tsohon mabuɗin da wata manhaja ta riƙe bisa kuskure, ba don tsayar da mai niyyar ɓarna ba. Sannan mabuɗin yana tafiya a waya a fili, a cikin kowace buƙata, inda duk mai iya sauraron hanyar zai gan shi. Lambobin tantance lafiyar fakiti da InfiniBand take amfani da su, ICRC da VCRC, suna gano lalacewar bayanai a hanya ne kawai, kowa yana iya lissafa su, don haka ba sa tabbatar da mai aikowa.

Masu bincike daga jami'ar ETH Zurich sun gabatar da wani aiki mai suna ReDMArk a taron USENIX Security na 2021, inda suka nuna cewa a katunan da suka gwada ana iya hasashen mabuɗai da lambobin layuka saboda yadda ake fitar da su bi da bi, kuma mai iya jefa fakiti cikin hanyar sadarwa yana iya shiga haɗin da ba nasa ba. Wannan bai nuna cewa tsarin ya karye ba, ya nuna cewa an gina shi ne da zaton duk kwamfutocin da ke kan hanyar amintattu ne, kamar yadda suke a manyan injinan lissafi inda fasahar ta taso. Da fasahar ta shiga cibiyoyin bayanai inda abokan ciniki da ba su san juna ba suke raba waya ɗaya, zaton ya daina tsayawa da kansa.

Wane aiki da'irar kariya take yi?

Da'irar kariya, wadda ake taƙaitawa da PD, lamba ce da ake liƙa wa yankunan memori da layukan sadarwa, kuma katin ba ya yarda layi ya taɓa yanki sai lambarsu ta zo ɗaya. Ita ce take hana wata manhaja amfani da mabuɗin wata a kwamfuta guda.

Inda ake yawan sakaci shi ne a cikin manhaja ɗaya mai hidima ga mutane da yawa. Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe da'ira ɗaya a zuba dukkan layuka da yankuna a ciki, kuma misalan koyarwa da yawa haka suke yi. Sakamakon shi ne kowane abokin sadarwa yana iya amfani da mabuɗin da aka ba wani, muddin ya san shi ko ya yi hasashensa. Raba wa kowane abokin sadarwa da'irarsa yana toshe wannan ƙofa, sai dai yana tilasta a maimaita rajistar duk yankin da ake son su yi tarayya a kansa, kuma yana hana su raba wasu kayan aikin katin. Inda abokan sadarwar ba su amince da juna ba, wannan tsada ta cancanci a biya ta.

Ta yaya kwamfutar nesa take samun adireshi da mabuɗi tun farko?

Katin ba ya raba su, aikin manhaja ne. Wasu suna aika su ta haɗin TCP na gefe, wasu a cikin ɗan saƙon da ake musanya lokacin ƙulla haɗi, wasu kuma a cikin saƙon Send bayan haɗin ya tsaya. A nan ne kawai ake da damar tantance wanda ake magana da shi kafin a miƙa masa komai.

Me ake nufi da adireshi mai farawa daga sifili?

A saitin da aka saba, mai aikowa yana rubuta ainihin adireshin da manhajar can take gani, abin da ke nufin an bayyana masa inda kayanta suke a memorinta. Babbar manhaja tana warwatsa adireshi da gangan don wahalar da maharan, kuma miƙa adireshi ga baƙo yana rage amfanin wannan dabara. A rajista mai farawa daga sifili, bait na farko na yankin shi ne sifili a idon na nesa, sauran kuma tazara ce daga nan. Akwai kuma damar zaɓa wa yankin kowane adireshin farko da aka ga dama, wanda bai da alaƙa da na cikin gida. Sai dai a sani cewa sifili ba ya ɓuya ga kowa, don haka mai hasashe ya huta da neman adireshi, mabuɗi kaɗai ya rage masa.

Shin saƙon Send da Receive yana buƙatar wannan duka?

A'a, kuma nan ne bambancin ayyuka masu hannu biyu da masu hannu ɗaya yake. A Send, mai aikowa ba ya faɗin adireshi ko mabuɗi. Mai karɓa ne yake jera wuraren sauka tun da wuri, saƙon da ya iso kuma ya sauka a na gaba a layi, sannan a sanar da manhaja. Idan ba a tanadi wuri ba, a haɗin da ake tabbatar da isarwa katin yana mayar da amsar cewa mai karɓa bai shirya ba, mai aikowa ya sake gwadawa. Wuraren saukar suna buƙatar rajista, amma L_Key ya isa. Shi ya sa ƙa'idoji da yawa suke aika umarni da ƙananan saƙonni ta Send, su keɓe karatu da rubutu na kai tsaye ga manyan bayanai.

Idan rajista tana da nauyi, yaya ake ba da izini na ɗan lokaci?

Hanyoyi biyu aka fi bi. Ta farko ita ce taga: ana yi wa babban yanki rajista sau ɗaya ba tare da buɗe shi ga na nesa ba, sannan a ɗaura taga a kan ɗan ɓangarensa, da nata R_Key da nata izinin. Ɗaura taga da kwance ta ba sa buƙatar sake kafe shafuka, don haka suna da sauri. Taga nau'i na ɗaya tana aiki ta kowane layi da ke cikin da'irar kariyarta. Nau'i na biyu tana ɗaure da layin da aka ɗaura ta ta kansa, mabuɗinta ba ya aiki ta wani layin, kuma wannan shi ne mafi ƙuncin izinin da tsarin yake bayarwa. Ba a iya janye rajistar yanki matuƙar akwai taga a ɗaure a kansa.

Hanya ta biyu ita ce rajistar gaggawa, wadda ƙa'idojin ajiya da ke cikin zuciyar babbar manhaja suke amfani da ita, irin su NFS a kan RDMA da iSER da NVMe a kan hanyar sadarwa. Ana tanadin gurbin mabuɗi tun farko, sannan ga kowane aikin karatu ko rubutu a cika shi da jerin shafuka ta hanyar umarni a layin aiki, a juya bit 8 na ƙasa, a miƙa mabuɗin. Da aikin ya ƙare sai a soke shi. Sokewar tana iya fitowa daga gida, ko kuwa na nesa ya haɗa ta da saƙonsa na ƙarshe, wanda yake cewa ga amsa kuma a rufe mabuɗi kaza. Mabuɗin da ya rayu na tsawon aiki ɗaya a kan shafuka kaɗan bai bar wa mai hasashe wani abin kirki ba.

Me ya sa ake cewa a soke mabuɗi kafin a fara aiki da bayanan da suka iso?

Domin matuƙar mabuɗin yana raye, mai riƙe da shi yana iya sake rubutu a kowane lokaci, kuma manhaja ba za ta ji motsinsa ba. A ɗauka manhaja ta karanta filin da ke nuna tsawon saƙo, ta ga bai wuce iyaka ba, ta wuce. Kafin ta dawo ta yi amfani da shi, na nesa ya canja lambar zuwa wata babba. Binciken da aka yi ya zama na banza, domin abin da aka duba ba shi ne abin da aka yi aiki da shi ba. Takardar RFC 5042, wadda ta tattauna tsaron iWARP, ta yi gargaɗi a kan irin wannan hari. Maganinsa shi ne a tabbatar sokewa ta kammala kafin a fara dubawa, ko a kwafe filayen da za a yanke hukunci a kansu zuwa wurin da na nesa ba ya kaiwa. Idan an bar wa na nesa aikin sokewa, dole a duba cewa mabuɗin da ya soke shi ne wanda ake tsammani.

Wata matsala mai kama da wannan ita ce sanin lokacin da rubutu ya kammala. Rubutu na kai tsaye ba ya sanar da manhajar da aka rubuta wa. Wasu suna zuba ido a kan bait na ƙarshe har ya canja, dabarar da take aiki a katuna da yawa amma ƙa'ida ba ta yi alkawarin jerin saukar bait a cikin saƙo ɗaya ba. Hanyar da ƙa'ida ta amince da ita ita ce a bi rubutun da Send, ko a yi rubutu mai ɗauke da 'yar lamba mai bit 32 wadda take haifar da sanarwa a wurin mai karɓa.

Me ke faruwa idan aka keta iyaka ko aka kawo mabuɗin da ba daidai ba?

A haɗin da ake tabbatar da isarwa, katin nesa yana ƙin buƙatar ya mayar da amsar cewa an keta izini. Mai aikowa yana ganin IBV_WC_REM_ACCESS_ERR, layin ya faɗa halin kuskure, duk umarnin da ke jira a cikinsa a zubar da su, kuma sai an sake saita shi kafin ya yi aiki. Wannan tsanani yana rage saurin mai hasashe, tunda kowane kuskure yana kashe masa haɗi, amma manhajar da take karɓar sabon haɗi ba iyaka ta mayar masa da damar. Yana kuma da wata fuskar: wanda ya iya jefa gurɓataccen fakiti guda cikin haɗin wasu yana iya kashe musu shi.

Ba IOMMU ce take kare memori daga na'urori ba?

Tana karewa, amma a wani mataki daban. IOMMU, wadda Intel take kira VT-d, AMD take kira AMD-Vi, ARM kuma SMMU, tana zaune tsakanin na'ura da memori, tana iyakance shafukan da katin gaba ɗayansa zai iya kaiwa. Ita ce take ba da damar miƙa kati ko wani yankinsa ga kwamfutar kwaikwayo, wato wadda manhaja ta ƙirƙira a cikin wata kwamfutar, ba tare da ta taɓa memorin maƙwabciyarta ba. Amma ba ta san layuka ko mabuɗai ko abokan sadarwa ba. A idonta duk rubutun da ya fito daga katin na katin ne.

Ana iya guje wa kafe shafuka gaba ɗaya?

Ana iyawa a katunan da suke goyon bayan abin da ake kira ODP. A nan rajista ba ta kafe komai. Idan buƙata ta nufi shafin da ba ya nan, katin yana sanar da direbansa, a kawo shafin, a cika teburi, sannan aikin ya ci gaba. Idan kuma babbar manhaja za ta ɗauke shafi, sai ta fara sanar da direban ya goge layin daga teburin katin. Ribar ita ce ana iya yi wa yanki mafi girma daga RAM rajista. Hasarar ita ce taɓawar farko ta kowane shafi tana da jinkiri mai yawa idan aka gwada da saurin da ake nema daga RDMA, shi ya sa aka tanadi hanyar gaya wa katin ya jawo shafuka tun kafin a buƙace su. Binciken mabuɗi da iyaka da da'ira kuwa bai canja ba ko kaɗan.

Memorin katin zane, wato GPU, fa?

Ana yi masa rajista shi ma, ta fasahar GPUDirect RDMA ta NVIDIA ko ta tsarin dma-buf na Linux, sai katin sadarwa ya zuba bayanai cikinsa kai tsaye ta PCIe, hanyar da take haɗa katuna a cikin kwamfuta. Na nesa ba ya ganin wani bambanci, adireshi da R_Key ne dai a hannunsa.

Idan mabuɗi ba ya tantance kowa, me yake kare hanyar sadarwar kanta?

InfiniBand tana raba hanyar zuwa ɓangarori da P_Key mai bit 16, wanda manajan hanyar yake rabawa ga tashoshi, kuma fakiti ba ya tsallaka ɓangare. A RoCE ana dogara da VLAN, wato raba Ethernet zuwa ɓangarori, da dokokin na'urorin rarraba fakiti. Nau'i na biyu na RoCE, wanda ya fito a 2014, yana tafiya a cikin ƙa'idar intanet ta UDP ta tashar 4791, don haka yana iya tsallaka iyakar ƙaramar hanya zuwa wata, abin da na farko ba ya iyawa, kuma wannan ya faɗaɗa wuraren da gurɓataccen fakiti zai iya fitowa. Tantance mai aikowa da sirranta bayanai suna buƙatar wani abu na daban kamar IPsec, wanda wasu sababbin katuna suke yi a cikinsu don kada saurin ya zube.

Akwai wani bambanci tsakanin iWARP da InfiniBand da ya shafi kariya?

Akwai ɗaya da yake ba masu sauya manhaja daga wannan zuwa wancan mamaki, kuma ya shafi karatu daga nesa. A InfiniBand, mai karatu yana tuna wa kansa inda amsa za ta sauka, don haka wurin saukar yana buƙatar izinin rubutu na cikin gida kawai, ba a bayyana shi a waya. A iWARP kuwa buƙatar karatu tana ɗauke da STag biyu, na wurin da za a ɗebo da na wurin da za a zuba, amsar kuma tana dawowa ne a matsayin saƙo mai ɗauke da STag na mai karatun. Ma'anarsa ita ce mai karatu ma ya buɗe wani yanki nasa ga rubutu daga nesa, kuma ya miƙa mabuɗinsa ga wanda yake karantawa daga gare shi. Manhajar da aka rubuta don InfiniBand takan gaza a nan saboda ba ta ba wurin saukar izinin rubutu daga nesa ba. Don rufe wannan ƙofa aka tanadi nau'in karatu da yake soke STag na wurin saukar da kansa da zarar amsar ta gama sauka, kafin a sanar da manhaja cewa bayanan sun iso.